Ishaku a Ƙarƙashin Guduma

Duk ɗaga hannun da Ambrose Tierney ke yi, idon mai gwanjon tsallake shi yake yi kamar ba kowa a kujerar.

"Wannan yaron makanta ce ke damunsa ko iskanci?" ya tambayi 'yarsa Bronwyn.

"Baba, don Allah sauke hannunka. Kallo kawai muka ce."

Kallo! Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin ɗakunan gwanjo daga nan Hobart har Melbourne, shi ake ce wa kallo. Da ƙyar ma ta yarda ta ɗauko shi daga gidan tsofaffin da suka kai shi wai don ya huta, sai da ya kwana biyu ya ƙi cin abinci.

Kayan yau tsofaffin zanen Turai ne, irin waɗanda ake sassaƙawa a farantin tagulla a buga kan takarda, duk labaran Littafi Mai Tsarki. Tarin mutum ɗaya ne ake tsinkewa ɗaiɗai. Jirgin Nuhu ya tafi hannun wani dillali. Yusufu a rijiya, wata murya a waya ta ɗauke.

"Ko wane ne mai kayan nan, yana da ido," in ji Ambrose. "Amma ko dai ya mutu, ko kuwa ungulaye ya haifa."

Bronwyn ta sunkuyar da kai tana murza zobenta. Can baya, yayanta Declan ya jingina da bango, duk bugun gudumar mai gwanjon sai ya gyaɗa kai.

Sai aka ɗago zanen Ishaku. Tsoho makaho a kan gado, yana shafa hannun ɗansa Yakubu da aka naɗe da fatar akuya, yana shirin sa albarka inda ba nan ya nufa ba. Bugun farko ne, tun kafin mai zanen ya ƙara duhu a labule. Akwai ɗan tabon ruwa a kusurwar hagu ta ƙasa; ko tabarau bai sa ba ya san yana nan. Wannan kam nasa ne ko ana ha-maza-ha-mata.

Wani likitan haƙori daga Sydney ya taya, irin masu rataye takarda inda rana ke dukanta don ta dace da launin kujera. Ambrose ya ɗaga hannu. Aka tsallake shi. Muryar wayar ta ƙara kuɗi, likitan ya ƙara.

Ambrose ya dafa sanda ya miƙe, silifas ɗinsa na gida a ƙafa, ya daka wa mai gwanjon tsawa.

"Kai Kerrigan! Na san ubanka tun yana share ɗakin nan! Na ninka abin da mai cire haƙoran can ya ce!"

"Baba, ka zauna, kana ba mu kunya," in ji Declan, ya kamo shi ta gwiwar hannu.

"Sake ni, ɗan banza!"

Kerrigan ya dubi Bronwyn, ya dubi Declan, babu wanda ya yarda suka haɗa ido. Ya buga guduma, likitan ya yi murmushi. Sannan Kerrigan ya sassauta murya.

"Ka gafarce ni, Mista Tierney. Kai ma ka san ƙa'idar gidan nan: mai kaya ba ya taya kayansa."