Shanun da Aka Tura Gonar Mai Gawo

Tunda ka zo kana huci wai sunan maƙwabcinka ya fito a tallafin gwamnati naka bai fito ba, zauna in ba ka misali. An yi wasu manoma biyu da gonakinsu ke iyaka da juna. Ɗaya in ya tashi sassabe ba ya barin ko tsinke. Kalgo, sabara, ɗan gawo, duk ya tumɓuke ya cinna musu wuta, gona ta yi fes kamar an share tsakar gida. Ɗayan kuwa in ya ga tsiron gawo sai ya rage masa rassa ya bar shi ya tashi. Shekara da shekaru mai sharar yana yi masa dariya, wai ragwanci ne ya hana shi gyara gona. Ana nan sai gwamnati ta zo da shiri: duk manomin da ya raya itace a gonarsa, don kada iska da ruwa su kwashe ƙasa, za a ba shi tallafi duk shekara gwargwadon itatuwan da suka rayu. Malaman gona suka zaga suka duba. Mai gawo ya samu har ya sayi amalanke, mai shara ko sisi. Tun daga ranar tuwo ya daina yi masa daɗi. Ko ƙarar amalanken ya ji ta doso ƙofar gidansa, sai ya ɗauke tabarmarsa ya koma ciki.

To, da ma akwai wani makiyayi da ke sauka a gonar mai sharar duk rani, shanu su ci kara su bar masa taki, shi kuma ya ba da dami biyu na gero. A wannan shekarar sai mai sharar ya tare shi a hanya ya ce, "Bana ba ni da wuri, amma ga gonar maƙwabcina can, mai ita ya ce ku sauka." Nufinsa shanu su tattake ƙananan itatuwan, in malaman gona sun dawo su tarar da fili. Mai gawo ya zo ya ga garke a gonarsa, bai ɗaga murya ba. Ya gaisa da makiyayin, ya saro ƙaya ya kewaye ƙananan, ya aika da gero. Abin da baƙin ciki ya mantar da mai sharar, alhali ko jariri a ƙauye ya san shi, gawo da rani yake ganye da 'ya'ya. Wata uku shanu suna hutawa a inuwarsa, suna cin 'ya'yansa, suna kashi ko'ina. Irin gawon da ya bi ta cikin saniya kuwa ya fi saurin tsira. Da damina ta kankama sai ga tsiro ya fito birjik, gero ya yi duhu har mutum ya shiga ba a ganinsa. Gonar mai shara da ta rasa takinta ta yi ja, zangarniya kamar ɗan yatsa. Makiyayin ma bai sake komawa can ba, ya samu inuwa. Bayan girbi mai gawo ya ɗora dami uku a kan amalanken nan, ya sauke a ƙofar gidan maƙwabcinsa, ya ce, "An ce kai ka turo mini baƙi. Allah ya saka da alheri." Dole ya karɓa, don rumbunsa bai kai rabi ba.

Ka ga abin da ya sa Hausawa ke cewa, hassada ga mai rabo taki ce.