Yatsan Baba a Kan Zanen Ido

Ina aji biyu a sakandare aka ba mu aikin zana idon mutum. Da la'asar ina ƙofar gidanmu a Gangaren Tudu ina gyara zanen, sai Baba ya zauna kusa da ni. Wata uku ke nan da yanar ido ta raba shi da motar da yake kai ma'aikata Abuja.

"Nuna min inda nawa ya lalace," in ji shi.

Na kama yatsansa na bi da shi kan takardar. Ta baƙin ido haske yake shiga. A bayansa akwai ɗan madubi mai tattara hasken ya kai shi bangon ciki, daga nan jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa. Madubin nan ne ya yi fari.

"Ashe ɗan wannan abin ne ya zaunar da ni. Gobe mai aikin ido na gargajiya zai zo ya ture shi da allura."

Malaminmu ya taɓa gaya mana turewar nan tana kashe ido. Na buɗe baki, amma nauyin gyara wa Baba magana ya hana ni. Na ci gaba da feƙe fensir.

Washegari mutumin ya zo ya ture. Idon bai sake gani ba. Har yau nakan faɗa a raina: Baba, mu je asibiti.