Akwatin da Mama Ta Bar wa Perel

Sau uku Gittel tana ɗaga hannu za ta danna ƙararrawar ƙofar, sau uku tana sauke shi. Shekara ashirin da ɗaya rabonta da ƙanwarta Perel, alhali dukansu a Montreal suke, tafiyar bas ɗaya ce tsakaninsu.

Ba zumunci ne ya kawo ta ba. Saura mako biyar auren 'yarta Bracha, kuma dangin ango mutane ne masu bin diddigi. Sun ce sai sun ga takardun kakar amarya ta wajen uwa, marigayiya Frimet, domin a shari'ar Yahudawa Bayahude shi ne wanda Bayahudiya ta haifa, ba a duba uba. Idan babu takardu, babu aure. Takardun kuwa suna cikin wani akwatin ƙarfe, akwatin yana hannun Perel.

Wannan shi ne abin da ya tsaya wa Gittel a rai. Ita ta yi jinyar Mama shekara shida, ita ce wanka, ita ce ba da abinci a baki. Amma da tsohuwar ta ji ajali ya matso, sai ta aika a ɓoye aka kira mata Perel, wadda ta bar addinin Yahudawa ta shiga coci, ta danƙa mata akwatin.

Ranar da Perel ta karɓi baftisma ta auri Kirista, Gittel ce ta yaga rigarta, ta rufe madubai, ta zauna a ƙasa kwana bakwai kamar yadda Yahudawa ke yi wa mamaci. Mama ta ƙi zama. Kuka kawai take yi tana cewa, "Ke dai, Gittel, bai kamata ki yi haka ba." Gittel ta ɗauka taushin zuciya ne irin na uwa.

Ko jiya ma sai da malaminsu na addini, Rabbi Halpern, ya ƙara mata haushi. Ta ce masa ita ba ta da 'yar'uwa, ya ce, "Kina da ita. Zunubinta babba ne, amma ruwan baftisma ba ya wanke haihuwa. Bayahudiya ce har ta mutu, ko ta so ko ta ƙi." Gittel ta fito tana huci. Wato ita da, saboda kiyaye dokokin addini, ba ta taɓa haɗa nama da madara a tukunya ɗaya ba, ba ta taɓa kunna wuta ranar Asabar ba, matsayinsu ɗaya da mai rataye da gicciye a wuya?

Ta danna ƙararrawar.

Da ƙofa ta buɗe, sai ta ga kamar Mama ce a tsaye. Tsufa ya mayar da Perel Mama sak: gajarta, baƙaƙen idanu, har yadda take karkata kai. Ita Gittel doguwa ce mai shuɗin ido. Mama kan ce mahaifinta ta biyo, wanda aka kashe a Poland lokacin Yaƙin Duniya na Biyu tana jaririya, ba a tsira da ko hotonsa ba. Uban Perel daban ne, bayan yaƙi Mama ta aure shi.

"Yaya," in ji Perel. "Shigo mana, gawa ba ta cizo."

"Ba zama na zo yi ba. Akwatin Mama nake so."

"Bari in kawo miki shayi. A kofin takarda, kada kwanukana su ɓata miki tsarki."

"Akwatin, Perel. Dangin angon Bracha ne ke neman takardun."

Nan take wasan ya bar fuskar Perel. Ta ce, "Ki ce musu ya ɓace. Ki ce gobara ta cinye shi. Ni zan je gaban kowane Rabbi in rantse cewa uwarmu ɗaya."

"Ke? Wa zai karɓi rantsuwarki?"

"Don Allah, Yaya, ki koma gida."

Sai Gittel ta gane, ko kuma ta zaci ta gane. Ramuwa ce. An yi wa Perel makoki da ranta, yau ta samu inda za ta rama, a kan yarinyar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Baƙin cikin shekara ashirin da ɗaya ya taso wa Gittel gaba ɗaya.

"Kin bar addinin iyayenki, kin karya zuciyar Mama, kin zagaya bayana kin kwashe takardunta. Duk bai ishe ki ba sai kin kashe auren 'yata? Maciya amana kawai!"

Perel ta shiga ɗaki ta fito da akwatin, ta ajiye a kan tebur.

"Mama ta sa na yi alkawari ba za ki taɓa buɗe shi ba. Shekara huɗu ina riƙe da alkawarin nan. Yau kin fi ƙarfina."

Gittel ta fizgo murfin. Ga takardar auren Mama, ga ta jirgin ruwan da ya kawo su Kanada, ga ta haihuwar Perel daga sansanin 'yan gudun hijira. A can ƙasa kuma wata tsohuwar takarda ce mai hatimin coci, daga wani ƙauyen Poland, shekarar 1943. Baftismar jaririya ce mai suna Genowefa, 'yar Bronislawa.

Gittel ta saki dariyar raini, har da ajiyar zuciya.

"A kan wannan kike ta wani ɓoye-ɓoye? Takardar bogi ce. Uwaye nawa ne suka roƙi irinta wajen limaman coci don su tserar da 'ya'yansu daga sojojin Jamus masu farautar Yahudawa? Kowane Rabbi ya san da haka."

"Ba ta bogi ba ce," in ji Perel, hawaye na bin kumatunta. "Bronislawa ita ce 'yar Katolikan da ta ɓoye Mama a rumbun dankalinta. Sojojin Jamus suka harbe ta saboda haka, Mama ta ɗauki jaririyar da ta bari a shimfiɗa ta gudu. Ta yi ta cewa gobe za ta faɗa miki, har kika yi aure, har kika haifi Bracha, goben ba ta zo ba."

Gittel ta dafa teburin. "Me kike nufi?"

"Sau ɗaya Mama ta taɓa haihuwa a duniya, Yaya, kuma ni ta haifa."