Littafin da Baba Ya Buɗe ta Baya

Ina aji uku a elemantare lokacin da wani malaminmu ya ba yayana Sule aron littafin labari, ya ce duk saurayi ya kamata ya karanta shi. Kafin la'asar magana ta zaga Bebeji, wai labarin wani yaro ne da ya gudu birni ya koyi shan taba da bin mata.

Baba ya sa aka kira ni zaure. Na tarar da Yaya a tsugune, malamin kuwa sai share gumi yake.

"Malam, in abin da ake faɗa gaskiya ne, yau Sule ya gama boko. Kuma ba kai za ka karanta mini ba, ban yarda da ku biyun ba. Uwata, matso."

Baba da littattafan Larabci ya saba, sai ya buɗe wannan ma ta dama, ya miƙo mini shafin ƙarshe. "Fara daga farko."

Na ga kuskuren sarai, na yi gum. Na karanta yadda yaron ya dawo gida, ya durƙusa gaban ubansa yana neman gafara.

Baba ya daɗe yana kallona. "Daga farawa sai neman gafara? To me ya yi?"

"Ba a faɗa a nan ba, Baba."

Ya rufe littafin, ya jefa wa Yaya. "In ka kai wurin laifin, ka zo ka gaya mini da bakinka."

Mutane na cewa wayo na yi masa. Ni har yau ban yarda Baba bai gane ba.