Saƙon Ta'aziyya

Tun da aka sa wa kowane gida akwatin ajiyar murya, mutanen Funtuwa suka saba da sauraron mamatansu. Na gidan Malam Tanimu ya kulle kwana tara bayan rasuwarsa. Matarsa Kuluwa tana takaba, don haka Ashiru mai gyara ya zo har gida.

Ya duba akwatin, ya ce, "Inna, kin buɗe wani saƙo daga baƙuwar lamba?"

"Ta'aziyya ce, ɗan nan. Ai ba a ƙin amsa ta'aziyya."

"To, ta nan cutar na'ura ta shiga. Ta kulle hirarku da Malam ta shekara talatin, mabuɗin kuma yana hannun waɗanda suka turo ta. Ko kin biya su, ba lalle su buɗe ba."

Sai akwatin ya yi magana da muryar marigayin: "Kuluwa, ki biya su. Saura kwana uku su shafe ni."

"Ba shi ba ne," in ji Ashiru. "Muryarsa suka ara. Zan iya wanke akwatin tas, amma komai zai tafi, har wannan muryar."

"Na san ba shi ba ne. Malam bai taɓa kiran sunana ba, saboda sunan mahaifiyarsa gare ni. 'Ke' kawai yake cewa."

"To, in wanke?"

Ta jawo akwatin kusa da ita a kan tabarma.

"Ka dawo in kwana ukun sun cika."