Fitilar da Direba Ba Ya Gani

Tunda ka ce an nuna maka kuskurenka a gaban mutane, har ka kwana biyu ba ka amsa sallamar wanda ya nuna maka, zauna ka ji labarin wani direba.

Tsohon direba ne, da tsohuwar gingimarinsa mai bodin katako, yana jigilar albasa daga ƙauyukan fadama zuwa kasuwar birni. Shekara talatin yana kan titi bai taɓa taka ko akuya ba, kuma ba ya gajiya da faɗin haka a tasha, har mutane sun haddace suna ƙarasa masa. Yana da al'adar nan ta direbobin manyan motoci: in ƙaramar mota ta biyo shi tana neman wucewa, shi da yake sama yana hango gaba, sai ya ba ta labari da sigina. In ya kunna ta dama, hanya fes, wuce abinka. In ya kunna ta hagu, akwai mota tafe, dakata. Wannan ita ce sadakarsa ta kan hanya, kuma yana ji da ita.

Ran nan da hantsi ya tsaya bakin wani gari yana duba taya, sai ga wata a-kori-kura cike da kwandunan tumatir ta sha gabansa ta tsaya. Direbanta ɗan tasharsu ne, sun sha yin sa-in-sa a kan layin lodi. Ya fito, ya ce, "Baba, motarka ƙarya take yi ta baya. Ka ba ni dama, na fito, sai ga ni ga tankar mai. Da ƙyar na koma." Ran tsoho ya ɓaci. Shi dai ya san hagu ya kunna, 'yar kibiyar da ke gabansa ma hagu ta nuna tana ƙyas-ƙyas. Nan take zuciyarsa ta ba shi cewa dabara ce: so ake ya shige gareji ya rasa kasuwar gobe, lodinsa ya koma hannun wani. Ya buɗe baki zai wanke shi tas, amma mutumin bai tsaya musu ba. Ya haye mazaunin direban gingimarin, ya ce tsoho ya zagaya baya ya gani da idonsa. Masu sayar da rake sun riga sun taru, ba damar ƙi.

Sai a lokacin tsohon ya lura har ya manta rabonsa da tsayawa bayan motarsa tana kunne. Ya ɗaga murya ya ce a sa hagu, fitilar dama ta kama ƙiftawa. Ya ce a sa dama, ta hagu ta amsa. Ya ce a taka birki, ɗaya ta yi ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa, ɗayar ko motsi. Nan ya shiga lissafi. Kwana tara ke nan da kafinta ya sauya masa ruɓaɓɓun katakan baya. Kwana tara yana yafito bayin Allah zuwa bakin mutuwa, yana murmushi yana ganin lada yake tarawa.

Suka kwance murfin fitilun, ƙwayayen lafiya lau. Suka duba fis, bai ƙone ba. Mai tumatir ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin mota, ya bi wayoyin da yatsa taƙi-taƙi har ya isa inda kafinta ya yanke su don ya zare katako, ya sake ƙulla su ya naɗe da leda. Mutumin kirki ne kafintan, amma kafinta ne: ya haɗa ta hagu da dama, ta dama da hagu. Wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfe kuma tsatsa ta cinye notinta, shi ya sa fitilar birki ta dushe. Suka mayar da kowace waya gidanta, suka kankare tsatsar da wuƙa har ƙarfe ya yi fari, suka ɗaure. Aka sake gwadawa, hagu ta zama hagu, birki ya haska jawur. Duk wannan lokacin tumatirin mutumin yana can yana laushi a rana, bai ko waiwaye shi ba.

Kunya da godiya suka kama tsohon. Ya hau bodi ya kinkimo buhun albasa zai sauke masa. Mutumin ya yi dariya yana kaɗe rigarsa, ya ce, "Bar kayanka, Baba. Gobe ma a bayanka zan bi, kaina na yi wa."

Daga ranar ba a sake jin zancen shekara talatin a bakinsa ba. Kullum kafin ya tashi sai ya roƙi duk wanda ke kusa ya tsaya masa a baya, in an ce da gyara ya ce madalla, Allah ya saka da alheri. Mutumin da ya ɗauka yana haƙon lodinsa kuwa, shi ne wanda yake fara sa wa albarka bayan kowace salla.

To, kai ma tashi ka je ka amsa waccan sallamar. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.