Maganar da Waya Ta Kasa Ƙarasawa

Bayan la'asar Jafaru na zaune a zauren su Mashkura a Marnona, gumi na keto masa. Mashkura, da ke zaune gabansa a tabarma, kurma ce tun haihuwa. Wata uku ya yi yana koyon maganar hannu a intanet dominta, yau da ya zo da maganar aure, alamar hannun da zai faɗa mata da ita ta ɓace masa sarai.

Ya zaro 'yar tsohuwar wayarsa ya kunna bidiyon malamin da ke koyar da maganar hannun. Malamin ya ɗaga hannu biyu ke nan, hoto ya tsaya cak. Wayar ta ɗau zafi. Ya miƙe ya ɗaga ta sama.

"Mi kaka biɗa sama?" in ji Kyauta, gwaggon Mashkura, daga bakin ƙofa.

"Sabis, Gwaggo. Magana guda ta rage mani."

"Danginka sun ce ba su son kurma. Ga waya ma ta ƙi. Tahi gida."

Bai motsa ba. Mashkura ta karɓi wayar, ta dubi malamin, ta dube shi, ta kife ta a tabarma. A hankali ta ɗaga nata hannuwan daidai inda na malamin suka maƙale, ta ƙarasa masa maganar auren.